Inna, Ga Abin Da Na Rubuta A Fayil Ɗin Mairo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da durƙuso, irin wanda kin san ban taɓa iya yin sa yadda kike so ba, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙanwata Zulai ta sake haihuwa, namiji. An yi ruwa sosai bana a Roni, har katangar ɗakinki ta gabas ta zube, ba a kai ga gyara ta ba tukuna.

Na san ba a aika wa mamaci wasiƙa. Na kuma san da kina raye kika ji na baza zancen gidanmu a waya, wanda na sani da wanda ban sani ba duk suna karantawa, da kin ja mayafi kin rufe baki kin ce, "Yarinyar nan dai ba ta da ta-ido." To ki yi haƙuri, yau ma ba ni da ita. Akwai maganar da na faɗa miki shekara huɗu da suka wuce, har aka ɗauke ki ban janye ta ba. Ita ta sa ni wannan rubutu, kuma ba ni da wani wurin da zan kai shi.

Bari in fara ba ki labarin abin da nake ciki. Saura sati uku in zauna jarabawar ƙwarewa. Har yanzu aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin nan nake yi a asibiti a Kazaure, wanda mutanen gida suka ƙi daina kira tausa. Yanzu so nake a ba ni shaidar na ƙware a ɓangare biyu: masu ciwon ƙwaƙwalwa da laka da jijiya, irin su shanyewar ɓarin jiki, da kuma yaran da suka zo duniya da wahala, ba su riƙe wuya ba, ba su zauna ba. Akwai ta rubutu, akwai ta baka. Sannan sai mutum ya kawo labarin yaro guda da ya bi tun daga farko, ya tsaya gaban manyan malamai su yi ta juya shi da tambaya har gumi ya karyo masa.

Duk ƙasar nan tamu, daga Kazaure zuwa Babura zuwa Gwiwa, ban san wani mai shirin wannan jarabawa ba sai ni. Abokan karatuna a cikin waya suke, wannan a Legas, wancan a Inugu, muna tsakiyar bita sabis ya ɗauke, in ya dawo sun wuce babi biyu. Ƙawar da muka yi alkawarin zama tare ta samu aiki a ƙasar waje, yanzu sai hotuna. Maigidana, Baban Amira, yana Dutse, sai ƙarshen wata. Amira tana makarantar kwana. In na dawo gida, kwano ɗaya nake wankewa.

Saboda haka bayan la'asar, in marasa lafiya sun watse, sai in jawo kujera in ajiye ta gabana a matsayin malamin jarabawa, in yi wa kaina tambaya in amsa da ƙarfi. Wata rana mai shara ta leƙo ta same ni ina yi wa kujera bayanin jijiyar ƙafa, har da nuni da hannu. Ta ja ƙofa a hankali ta tafi. Tun daga ranar da tausayi take gaishe ni, har tana tambayata ko ina samun barci.

A irin wannan zaman ne na iso babin ɗaukewar magana. Iri-iri ce. Akwai wanda magana ke zuba daga bakinsa ba ma'ana, shi ma ba ya gane abin da ake ce masa. Akwai kuma wanda yake jin komai, yana gane komai tsaf, kalmar ce kawai ta ƙi fitowa. Na san wannan tun ina ɗaliba, na ma ci maki a kansa. Amma ranar nan ina cikin faɗa wa kujera sai kika faɗo min a rai. Naki irin na biyun ne, Inna. Duk shekarun nan ina lallaɓa kaina da cewa wataƙila ba ki fahimci abin da na ce ba. Kin fahimta, kalma bayan kalma.

Ni ce 'yarki ta fari. Ana yaye ni aka kai ni wurin Kaka a Kazaure, can na tashi. In na zo hutu Roni ba kya kiran sunana. Ina zaune a gabanki za ki tambayi ƙanwata Zulai, "'Yar Kazaure ta ci abinci kuwa?" Ranar kitso ki kwantar da kan Zulai a cinyarki, ni a tura ni maƙwabta. Kowa ya ce min kunyar ɗan fari ce, haka aka yi miki ke ma, haka aka yi wa Baba. Na sani. Sanin bai taɓa rage min zafin ba ko kaɗan.

Shi ya sa da na haifi Amira, da gayya nake ƙwala mata kira a gabanki. In cilla ta sama, in rungume, ina satar kallonki in ga ko abin zai taɓa ki. Ke kuwa sai ki ƙara sunkuyar da kai ki ci gaba da ɓarar gyaɗarki.

Da ciwon ya same ki, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke, a raina na ce to yau ga ranata. Na ɗauki hutu, na taho da kayan aiki cike da jaka. Na durƙusa bakin gado na ɗaga zaninki zan kama ƙafar, sai kika sa hannun hagu, mai lafiyar, kika ja zanin kika rufe, kika juya fuska bango. Kwana uku muna haka. Dole na koya wa Zulai, ita kika bari ta taɓa ki. Ni da na yi shekara biyar a jami'a saboda irin wannan rana, ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa ɗaga nan, sauke can.

Ran na huɗu na ce miki, "Tun ina ƙarama ba ki taɓa so na ba. Yanzu ma hannuna kike ƙyama." Bakinki ya motsa, ya sake motsawa, abin da ya fito shi ne sautin nan guda ɗaya da ya rage miki. Na saɓi jakata na hau babur na koma Kazaure. Na ci gaba da zuwa duk Asabar da magani da ɗan cefane, in gaishe ki daga tsaye kamar ba abin da ya faru. Kullum ina cewa sai kin ɗan warware in zauna mu yi magana. Wata uku bayan nan kika tafi.

Yanzu ga labarin yarinyar da na zaɓa don jarabawa. Zan kira ta Mairo, uwarta kuma Shatu, don ba a fallasa sunan mara lafiya. Daga wata ruga suke, can bayan Gwiwa. Shekararta ɗaya da rabi. An sha wahalar haihuwarta, ta daɗe ba ta yi kukan farko ba, yanzu ƙafafunta suna sanƙarewa su harɗe kamar almakashi, hannu a dunƙule, ba ta zama. Idanunta kuwa tar, duk inda ka yi suna biye da kai. Mata biyu ke kawo ta. Kakarta ta wajen uba, tsohuwa mai baki, ita ke goyon. Shatu, doguwa siririya, tana biye a baya da ƙullin tsummoki.

Abin da ake fara koya mana shi ne a tambayi uwa. Yaushe yarinya ta fara murmushi, yaushe ta riƙe wuya, tana juyawa da kanta? A jarabawa in ba ka kawo waɗannan ba, ka faɗi tun kafin ka taɓa yaron. Na tambayi Shatu, tana kallon farcen ƙafarta. Tsohuwar ce ta amsa, "Wa ya tsaya lissafi, likita? Ita dai ba ta zama." Na yi da Hausa, na haɗa da guntun Fillancin da na tsinta a bakin Kaka. Duk da haka tsohuwar ce ke amsawa.

Na kwantar da Mairo a katifa na nuna yadda za a riƙa yi mata a gida safe da yamma: a miƙar da agara a hankali, a buɗe cinya, a kifa ta a kan cinyar babba don wuya ya yi ƙarfi. Na ce Shatu ta matso ta gwada. Ko motsi ba ta yi ba. Ta juya fuska gefe, wajen madubin bangon da muke koya wa masu shanyewar jiki tsayuwa a gabansa.

A zuwa na uku na fusata. A gaban uwar mijinta na ce mata, "In ba kya son 'yar nan ki faɗa min, in daina wahalar da kaina." Ban tsaya nan ba. Na buɗe fayil na rubuta cewa uwa ba ta damu da yarinyar ba, na sa hannu.

Ni fa, Inna. Ni da na fi kowa a asibitin nan sanin abin da ke sa mace ta kau da kai daga 'yarta a gaban suruka. Katin yana gabana, an rubuta ɓaro-ɓaro haihuwar fari ce. Da wani baƙon likita ne daga kudu ya yi wannan katoɓara, da ni zan zaunar da shi in yi masa bayani, har in ɗan yi masa dariya. Amma da abin ya zo gabana, ban ga Shatu ba sam. Ke na gani, kin juya fuska bango.

Sati huɗu ba su dawo ba. A irin ciwon Mairo sati huɗu ba wasa ba ne, don jijiyar da ba a miƙarwa gajarcewa take yi, in ta kafe kuwa sai an kai ga tiyata. Ba su da waya, ruga kuma ba ta da lambar gida. Duk Talata, ranar yara, ina aiki ina kallon ƙofa. Na so in ce miki yarinyar kawai nake ji, amma kin san halina, har da jarabawar. Na tabbata bakina ne ya kore su, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa haka.

Sai ga su wata Talata da hantsi ya dubi ludayi, sun yi buɗu-buɗu. Tsohuwa ta ce rafi ne ya cika ya yanke musu hanya, babur ba ya ƙetarewa. Na kama ƙafar Mairo ina jiran in ji ta kamar icce. Inna, ta yi laushi. Diddigen ya sauka fiye da inda na bar shi. Na auna, na sake aunawa. Ba yadda za a yi ƙafa irin wannan ta saki da kanta, wani yana taɓa yarinyar nan kullum. Na yi wa tsohuwa godiya, na ce ta nuna min yadda take yi. Ta damƙi ƙafar kamar mai matse wanki, yatsunta ma duk sun kumbura da sanyin ƙashi. Na gane ba ita ba ce.

Ana kiran azahar tsohuwar ta fita alwala, na tura ƙofa saboda hayaniyar masu jira. Shatu ta kasa kunne har takun ya yi nisa. Sai ta sauko daga kujera ta ɗauki 'yarta. Ta tallafi diddige da tafin hannu, ta dafe gwiwa, ta miƙar a hankali, ta tsaya tana jira jijiya ta saki. Har ɗan karkata kan da nake yi in ina jira, ta ɗauke shi. A madubin nan ta koyi komai, lokacin da nake zaton ta ba mu baya.

Ba ta ɗago kai ba ta fara magana, da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Mairo ta fara murmushi ranar da aka tashi da shanu zuwa sabon mashekari. Ta riƙe wuya saura kwana biyu ƙaramar salla, sai kuma ya koma, bai sake tsayawa ba sai da aka yi shuka. Ta fi son kwanciya ta hagu. In za ta sanƙare, babban yatsan ƙafarta ne ke fara tashi. Wannan na ƙarshen, ni da littattafaina ban lura da shi ba. Ta ce takan yi mata in an fita tatsa da safe, da kuma in tsohuwa ta tafi tallan nono, sai ta ja ƙyauren bukka.

Ba ta ambaci maganar da na yaɓa mata ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Likita, za ta zauna?" Na ce in Allah ya so, kuma na ga alama. Muka ji takalmin tsohuwa. Shatu ta ajiye Mairo a katifa, ta koma kujerarta, ta juya fuska. Yarinyar ta bi ta da ido tana ɗan ƙananan kuka, ita kuwa ko gezau. Hannunta dai na gani a ƙarƙashin mayafi, ta damƙe gefen kujera.

A aikinmu ba a goge rubutu a fayil. Layi ɗaya ake ja a kai, yadda kowa zai iya karanta kuskuren, sannan a rubuta gyara a ƙasa a sa hannu. Na ja layin. Na nemi afuwar Shatu a zuwa na gaba, ta ce, "Ba komai, likita," kamar ba ita aka ci wa fuska ba. Yanzu duk zuwansu sai na ƙirƙiro wa tsohuwa aike, ta je ɗakin kati, ta je ɗakin magani, don mu samu minti goma mu biyu. Ina zargin ta gane, domin ta fara daɗewa fiye da yadda aiken yake buƙata. Mairo ta fara zama in an tokare ta da matashi, tana kai ɗan lokaci kafin ta kife.

Na sake rubuta rahoton jarabawar daga farko, na bar kuskurena a ciki yadda yake. Ɗaya daga abokan karatuna na waya ya ce in cire, malaman ba sa son ɗalibi ya kawo musu wuƙar da za su yanka shi. Wataƙila gaskiyarsa ce. Na bar shi duk da haka, in sun tambaya zan amsa.

Asabar ɗin da ta wuce na kasa karatu, na hau mota na tafi Roni. Na samu Goggo Hansai, ƙanwar Baba, wadda take budurwa a gidan lokacin da aka haife ni, ita ke share miki ɗaki. Na yi mata irin tambayar da nake yi wa iyayen mutane kullum, wadda ban taɓa yi a kaina ba. Yaushe na zauna, yaushe na yi tafiya? Ta yi dariya ta ce, "Oho, wa ya riƙe? Uwarki ce za ta sani, ita kuwa ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba."

Can kuma ta ce abu ɗaya ta tuna, na daɗe ban yi tafiya ba. Wai na yi wata doguwar jinya, na tashi ƙafafuna sirara, ba ƙarfi. Sa'o'ina suna gudu a tsakar gida, ni ina jan gindi, har an fara cewa a nemo mai magani. Ba wanda ya taɓa gaya min wannan. Ta ce, "Wata safiya dai muna sussuka, sai ga ki kin fito daga ɗakin uwarki da ƙafarki." Wai gida ya ɗauki guɗa, ke kuwa kina daka, ko taɓaryar ba ki ajiye ba.

Har na miƙe zan yi sallama, sai ta fashe da dariya ta ce akwai wani shirme da kika yi a shekarar, har yau in ta tuna sai ta dara. Ta shiga shara ta tarar kin ɗaure igiya biyu a jere, daga ƙafafun gado zuwa wasu turaka biyu da kika kafa kusa da ƙofa, tsayinsu bai kai gwiwar babba ba. Suka yi ta yi miki tsiya, wace irin mace ce take shanya a ƙasa, ko kaji take so su taya ta? Kika ce ɗankwali kike ratayewa. Watanni igiyar tana nan, duk wanda ya shiga sai ta harɗe shi, an yi an yi ki kwance kin ƙi. Sai kuma wata rana aka ga babu.

Na ce ta gwada min tazarar da ke tsakanin igiyoyin. Ta ware hannu ta nuna, tana ta dariyarta. Daidai faɗin da ƙaramin yaro zai tsaya a tsakiya ya riƙe dama da hagu.

Goggo har yau ba ta san mece ce ba. Ni na sani. A sashenmu ƙarfe biyu ne a jere, daga ƙasar waje aka kawo su, a tsakaninsu nake tsayar da yara su koyi taku, kuma akwai shafi guda a kansu a cikin abin da za a tambaye ni nan da sati uku. Ke ba ki je aji ɗaya ba. Na zaga bayan gida na yi kukan da ban yi ba a zaman makokinki.

Inna, na janye maganata. Ƙarya na yi miki, kuma na yi ta ne lokacin da ba ki da bakin kare kanki. Ba zan ɓoye miki ba, har gobe da na so ki bar ni in kama ƙafarki ko sau ɗaya, kamar yadda kika kama tawa ba wanda ya gani. Amma na daina tuhumarki. Abin da yake ci na shi ne, waccan maganar na tabbata ta isa kunnenki. Wannan kuwa ban sani ba.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Duk takun da na yi zuwa wurin mara lafiya, da duk yaron da ya miƙe a hannuna, Allah ya kai miki ladan, don ke kika fara. Ya ba Mairo zama da tafiya, ya ba uwarta tsawon ran ganin hakan. Ni kuma ya yafe min, ya sanar da ke abin da na makara ban faɗa ba.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Ramatu